Yadda ake zuwa gal'ar Usfan a kan babur daga Jidda, a hau dutsen, a dawo kafin azahar

Duk wanda ya saba bin hanyar Usfan ya san wannan tsohon gini na duwatsu da ke zaune a kan wani tsauni, motoci na ta wucewa ta ƙasansa. Sansani ne na zamanin Turkawan Daular Usmaniyya, cikin irin waɗanda aka riƙa ginawa don tsaron ayarin alhazai tsakanin Makka da Madina. Mutanen wurin gal'a suke ce masa, kuma da wannan sunan za ka yi tambaya idan ka ɓata. Daga ƙasa sai ka raina tsaunin, ka ce ai minti kaɗan ne. Gaskiya ba shi da tsawon da zai ba mutum tsoro. Abin da ke kayar da mutane a nan zafi ne da tsakuwa mai zamewa, sai kuma hanyar da tireloli suka mayar tasu. Duk shirin da zan lissafa a ƙasa a kan abu ɗaya ya tsaya: ka hau ka sauko tun rana ba ta yi ƙarfi ba.

Mu fara da takardu, domin nan ne tafiyar wasu ke ƙarewa tun ba su bar Jidda ba. Igamarka, wato katin izinin zama, ta zama da rai. Ruksa, wato lasisin tuƙi, ta babur daban take da ta mota, wanda ke da ta mota kawai bai cika sharaɗi ba. Istimarar babur ɗin da taminsa, wato takardar rajista da inshora, su ma su zama ba su mutu ba, ka buɗe Absher, manhajar gwamnati ta takardu, da daddare ka duba da idonka maimakon ka dogara da cewa ai kwanan nan aka sabunta. Idan babur ɗin aro ne, ka tabbata mai shi ya ba ka izini a hukumance, maganar baki ba ta wadatar da ɗan murur, wato ɗan sandan hanya. Wanda ke aikin kai saƙo da babur ɗin kamfani kuma, ya bar wa kamfani kayansa, ba don yawon Juma'a aka ba shi ba. Ɗan'uwan da takardunsa ba su daidaita ba, shawarata ya haƙura da wannan tafiya gaba ɗaya. Hanyoyin da ke wajen gari ba a rasa shingen bincike a kansu, kallon tsohon gini bai kai a jefa kai cikin abin da za a yi shekaru ana da-na-sani ba.

Sai lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ake wannan tafiya, Maris ma da sauƙi idan an yi sammako. Daga Mayu zuwa Satumba kada ka soma. A watan Yunin 2010 zafin Jidda ya kai digiri 52, kuma kowace shekara hukuma na hana aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Usfan kuwa tana can ciki, nesa da iskar teku. Sai dai watannin sanyin su ne na ruwan sama, kuma ruwan Jidda ba ya sallama. Waɗanda suka ga ambaliyar 25 ga Nuwamba 2009 da ta 24 ga Nuwamba 2022 ba sa bukatar a yi musu bayani. Usfan a cikin kwari take, ruwan da ya sauka a kan duwatsun gabas yana iya taho maka alhali ko ɗigo bai taɓa ka ba. Ka duba sanarwar hukumar hasashen yanayi daren tafiya da kuma asubarta. In an yi gargaɗin ruwa ko ƙura, a ɗaga zuwa wani makon. Kwanakin aikin Hajji ma a bar su, bincike ya fi tsanani a duk hanyar da ke iya kai mutum Makka.

Yawancinmu Juma'a ce kaɗai hutu, kuma ita ce ta fi dacewa, don safiyar Juma'a titunan Jidda fayau suke.

Shirin babur daren Alhamis ake yinsa, ba da asuba a ƙofar gida mutane na jira ba. A auna iskar taya tun tana da sanyi, a bi adadin da kamfani ya rubuta a jikin babur ɗin. A juya tayar a hankali ana dubawa ko akwai ƙusa ko tsagewa. A taɓa sarƙa daga tsakiya: idan tana lilo sosai a ɗaure, idan ta bushe a sa mata mai. A duba baƙin mai, birkin gaba da na baya, fitila, sigina, hon. Wanda bai iya ba ya kai wa mai banshar, wato mai facin taya, da yamma, abin ba ya cin lokaci. A cika tanki tun a Jidda, 91 ne mai koren famfo, 95 mai ja, kowa ya san wanda injinsa ke sha. A jaka a saka kayan faci, ƙaramin famfon iska, sifana biyu uku da fulogi na ajiya. Ƙaramin babur mai 125 ko 150 zai kai ka ya dawo da kai, amma ka san cewa a babbar hanya kai ne ƙarami a cikin kowa.

Kayan jiki kuwa, mutanenmu sun fi sakaci a nan. Hular kwano doka ce, kuma mai rufe haɓa ta fi, a ɗaure igiyarta. Jallabiya da silifas a bar su a gida ko a naɗe su cikin jaka don sallar Juma'a. Jallabiya tana kama iska a kan babur, tana iya shiga sarƙa, a kan dutse kuma tana taɗe mutum. Wando mai kauri, riga mai dogon hannu, safar hannu, da takalmi rufaffe mai kaushin ƙasa wanda ya riƙe idon sawu. Takalmin ya zama wanda ƙafarka ta saba da shi, sabo yana fitar da bororo. Ka ɗauki hula ko rawani na sawa bayan an cire hular kwano.

Ruwa kowane mutum lita 3 a ƙalla, ba a haɗa wa mutum biyu jarka ɗaya. Rabi a saka a firiza tun dare ya daskare, zai narke a hanya. Gora ɗaya a yi mata haɗin gishiri da sukari irin na asibiti: lita 1 ta ruwa, ƙananan cokula 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Dabino, ayaba, ɗan burodi. Bandeji, filasta da maganin wanke ciwo. Waya a cike da caji, da abin caji na tafi-da-gidanka. Lambobin da za ka riƙe: 911 na gaggawa a yankin Makka, 997 na motar asibiti. Ka gaya wa wani a gida inda za ku da lokacin da ya kamata ya ji ku.

Kada mutum ya tafi shi kaɗai. Babura uku zuwa biyar sun isa, in suka wuce haka sai a koma jiran juna. Tun bayan rusau ɗin da aka yi a tsofaffin unguwannin Jidda a 2022 mutanenmu sun warwatsu, wani na kudu wani na gabas, saboda haka a zaɓi gidan mai ɗaya a arewacin gari a ce nan ne mahaɗa. A yi sallar asuba, a karya da ɗan tamis da ful, wato gurasa da wake, ko shayi da burodi, kada a cika ciki. Kafin a tayar, babban cikinku ya yi magana sau ɗaya kowa ya ji: wane ne a gaba, wane ne a baya, ina za a tsaya in an rabu. Na gaba ya zama wanda ya san hanya kuma ba ya da rawar kai. Na baya ya zama wanda ya fi iya gyara, kayan faci a wurinsa. Sabon hannu a sa shi na biyu. In akwai yaro mai zafin jini, a gaya masa tun a nan: “Kai ƙanena, yau ba tsere muka fito ba, inda aka ajiye ka nan za ka zauna.”

Hanyar ba ta da wuyar ganewa. A hau titin Haramain a miƙe arewa, a wuce filin jirgin Sarki Abdul'aziz, a riƙa duban allunan da ke nuna Usfan, sannan a karkata gabas. A wannan hanyar ne harabar Jami'ar Jidda take, ganinta alama ce ba ku ɓata ba. Daga arewacin gari tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. A zauna a layin dama, amma ba a kan gefen titi ba, don can ne yashi da tsakuwa da guntayen tayoyi ke taruwa. Kada a jeru kafaɗa da kafaɗa, kuma kada a yi layi ɗaya ƙyam: na farko ya ɗan matsa hagu a cikin layin, na biyu dama, na uku hagu, da tazara mai kyau. Kyamarorin Saher masu kama gudun wuce ƙa'ida suna nan, tara kuma ba ta san baƙo ba.

Tirela ita ce babbar matsala. In za ta wuce ka, iskarta za ta fara tura ka waje, tana gama wucewa kuma ta jawo ka ciki. Ka matse tanki da gwiwoyi, ka sassauta hannu a kan kan babur ɗin, kada ka danna birki a lokacin. Kada ka zauna a gefen damanta daf da ƙofar direba ko a bayanta kusa, in ba ka ganin madubinsa shi ma ba ya ganinka. Kuna tafiya gabas da sassafe, rana za ta fito muku a ido tsaf, gilashin hular kwano mai datti a lokacin makanta ne, a goge shi tun a gidan mai. Inda ka ga yashi ya kwanta a kan kwalta, ka rage gudu kafin ka shiga, ka ratsa a miƙe ba tare da birki ba. Raƙuma ma suna yawo a wannan yankin, kuma raƙumi ba ya gudun hon.

Kuna kusantar mahaɗar hanyoyin Usfan za ku hango gal'ar a saman tsauninta. Kada ɗokin gani ya sa wani ya tsaya a gefen babban titi. A sauka daga babbar hanya, a zagaya a nemi fili a gindin tsaunin, nesa da motoci kuma ba a cikin kwarin ruwa ba. Ƙasar wurin tana da laushi a wasu wuraren, ƙafar babur na nutsewa a hankali har ya kife bayan kun tafi, don haka a sa mata faffaɗan dutse a ƙasa, a bar babur ɗin cikin giya. A kulle, a ɗauki takardu da makulli. In akwai wanda ba ya jin hawa, ya zauna gadi, ya huta mun huta. Idan kuka tarar an kewaye wurin da waya ko an kafa allon hukumar kayan tarihi mai hana shiga, to magana ta ƙare, a kalla daga waje. Dokar kayan tarihi a ƙasar nan tana da hukunci, baƙo kuma shi ya fi kowa saurin shiga hannu. Haka jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi, ba a tayar da shi sai da izini.

Kafin a soma hawa, a ɗan zagaya gindin tsaunin ana duba sama. Ana neman inda ƙafafun mutane suka riga suka yi sawu, da gefen da gangararsa ta fi kwanciya. Gefen da ya fi kusa da inda kuka ajiye babura ba lallai ne ya zama mai sauƙi ba. A sha ruwa sosai a nan ƙasa, a ɗaure igiyar takalmi, jaka a goya ta a baya hannu biyu su zama a sake.

Dutsen iri biyu ne a ƙarƙashin ƙafa. Akwai manya da suka kafu, akwai ɓaraguzai da ke zube a kansu, kuma daga sama duk kamarsu ɗaya. Kowane dutse ka taka shi da rabin nauyinka tukuna, in ya motsa ka canza. Inda wurin ya miƙe, ka sa hannu: kullum gaɓoɓi uku a dafe, ɗaya ce ke motsi. Taku gajere, ana hawa ana karkacewa dama da hagu maimakon a tunkari sama kai tsaye. Kada wani ya tsaya daidai ƙasan wani. Wanda dutse ya kuɓuce wa ƙafarsa ya ɗaga murya ya ce “Dutse!” nan take, ba ya tsaya kallonsa yana gangarawa ba. Na ƙasa kuma ya kauce gefe ya kare kansa, kada ya ɗaga fuska neman inda yake.

Ka duba kafin ka dafa. Ramukan da ke ƙarƙashin duwatsu gidan kunama ne da maciji, da safe kuma sukan fito shan hantsi. Kada ka cusa yatsu inda idonka bai gani ba, kada ka ɗaga dutse don wasa. Ƙananan itatuwan ƙaya da ke fitowa a tsakanin duwatsu ba abin riƙo ba ne, saiwarsu ba ta da zurfi, ƙayar kuma tana huda safar hannu. A ƙasan kwarin za ka ga tumfafiya, irin ta bayan gari a Katsina sak, da faffaɗan ganyenta mai toka-toka. Kada a bar yara su tsinke ta, farin ruwanta yana illa ga ido.

Gudun ayari na mafi rauni ne. Idan dattijon cikinku ya tsaya yana haki, kowa ya tsaya, a ce “Baba, a ɗan sha ruwa,” ba sai ya roƙa ba, don da yawa kunya ba za ta bar su su faɗa ba. A riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan tun ƙishi bai zo ba. Alamomin da za a sa wa ido su ne jiri, ciwon kai, tashin zuciya da ɗaurewar jijiyar ƙafa. Mai irin wannan a zaunar da shi a inuwar dutse, a sassauta masa kaya, a jiƙa masa kai da wuya, a ba shi ruwan gishiri da sukari, in ya farfaɗo a sauko da shi, hawansa ya ƙare na yau. Amma idan ya fara sambatu, ko ya rikice bai san inda yake ba, ko jikinsa ya yi zafi rau, wannan ya wuce dabarar 'yan'uwa. A kira motar asibiti nan take, ana jira ana zuba masa ruwa ana yi masa fifita, kuma kada a ɗura wa wanda hankalinsa ya gushe ruwa a baki.

A sama ginin bai da girma, duwatsun wurin aka jera aka tayar da shi, wani sashen ya zube. Kada a hau kan katanga don hoto, kada a jingina da ita, kada a ɗauki ko tsakuwa, balle a rubuta suna. Ka tsaya ka dubi ƙasa, nan take za ka gane dalilin da ya sa aka zaɓi wannan tsaunin: duk abin da ya taso daga wajen Makka, ko daga Jidda, ko daga arewa ta garin Khulais, a idon mai gadi yake. Turkawa sun karɓi Hijaz a 1517, ikonsu ya kai har tawayen Sharif Husaini na 1916, amma Usfan ta girme su nesa ba kusa ba. Zango ce a tsohuwar hanyar Makka zuwa Madina, kimanin kilomita 80 daga Makka. A nan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi sallar tsoro da sahabbansa, mayaƙan Ƙuraishawa na fuskantarsu ƙarƙashin Khalid ɗan Walid tun bai musulunta ba. A shekara ta 8 bayan hijira kuma, a hanyarsa ta buɗe Makka cikin Ramadan, ya sha ruwa a Kadid, tsakanin Usfan da Ƙudaid. Kakanninmu da suka ratso Sudan a ƙasa, suka tsallako teku daga Sawakin, da yawansu da ƙafa suka yi tafiyar Makka zuwa Madina. In akwai yara a tafiyar, wannan ne wurin gaya musu, a taƙaice, don rana na tashi.

Tambayar kasaru takan taso a nan. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana kasaru a tafiya irin ta Makka zuwa Usfan, ko Makka zuwa Ɗa'ifa, ko Makka zuwa Jidda. Wannan ga wanda ya taso daga Makka ke nan. Daga Jidda tazarar ba ta kai haka ba, mu cika sallarmu za mu yi.

Minti 20 zuwa 30 a sama ya wadatar. Ƙarfe 9 ta same ku kuna saukowa, in an makara ƙwarai 10. Sauka ta fi hawa haɗari, a nan ake samun targaɗe da karaya, domin ƙafa ta gaji, hankali kuma ya riga ya tafi wurin shayi. A bi ta inda aka hau, kada a yanke sabuwar hanya don an hango babura a ƙasa. A juya jiki gefe, a lanƙwasa gwiwa, a sa duk tafin ƙafa a ƙasa, mutum ɗaya-ɗaya a wuraren tsakuwa, na gaba ya kauce kafin na baya ya taso. Inda ya yi tsayi ka juya ka fuskanci dutsen ka sauko da baya, ko ka zauna ka ja jiki, ba abin kunya ba ne. Waya a aljihu. Wanda ya gurɗe ƙafa kada ya cire takalmin sai an kai ƙasa, in ya cire ƙafar za ta kumbura ta ƙi komawa, kuma shi ba zai tuƙa ba, goya shi za a yi, babur ɗinsa a dawo a ɗauka.

A ƙasa kada a tayar nan da nan. A shiga gari a nemi bufiya ko bakala, wato ɗan gidan abinci ko shagon kayan masarufi, a zauna a inuwa, a sha laban, wato nono, mai sanyi, a ci wani abu mai gishiri. Akwai tsohuwar rijiya a garin da ake kira Bi'ir Tafla, mutanen wurin suna danganta ta da Manzon Allah, wanda ke da sauran ƙarfi yana iya leƙawa. Masu son ƙarawa da Khulais su bar ta sai wata Juma'ar. A yanke shawara tun a nan: ko a yi Juma'a a Usfan a taho bayan la'asar, ko a kama hanya yanzu a riski salla a Jidda. Abin da ba a so shi ne a tsaya jan ƙafa har a ga lokaci ya ƙure, a koma gudu da gajiyayyen jiki a tsakiyar rana.

Kafin a hau, a taɓa sirdin da hannu, wanda ya sha rana yana ƙona cinya, a yayyafa masa ruwa. A sake duba tayoyi ko sun kwaso ƙaya a wurin ajiya, don ƙaya ba ta sace iska lokaci ɗaya, sai an hau babban titi take nuna kanta. Jerin da aka zo da shi a koma da shi, a ƙara tazara, wanda ya ji barci na fizgarsa ya yi sigina a tsaya a gidan mai na gaba. In an yi karo da wata mota, ko da ƙarami ne, kada a yi sulhun baki a watse: a kauce daga tsakiyar hanya bayan an ɗauki hotuna, a kira Najm, kamfanin da ke duba haɗarin ababen hawa don inshora, in ba wanda ya ji rauni, in akwai rauni kuma 911. An isa mahaɗar da aka taso, a ƙirga kai kafin kowa ya kama hanyar unguwarsa, a kira na gida a ce an dawo. Da yamma a wanke sarƙar a sake sa mata mai, a buɗe matatar iska a kakkaɓe, ƙurar Usfan tana da laushi kuma tana shiga ko'ina.